Yadda Za Ka Binciki Zuwan Ƴan Mishan Masu Kwanaki Kaɗan, Ta Bakin Waɗanda Suka Sauke Su

Ƙungiyar baƙi Kiristoci ta sauka a gari, mutum 8 ko 12. Sun yi kwana 10. Sun shafa wa ajin makaranta fenti, sun duba marasa lafiya, sun koya wa yara waƙoƙi, an yi sujada tare, an yi musu rakiya sun koma ƙasarsu. Bayan shekara guda, me ya rage? Masu bincike a jami'o'in Amurka sun daɗe suna juya wannan tambaya, amma mafi yawansu matafiyan suka tambaya, ba mutanen da suka shimfiɗa musu tabarma ba. Ɗalibin da ke Maraɗi yana zaune ne daidai inda giɓin yake, ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yake karatun lafiya, ko nazarin zamantakewa yake yi a Damagaram ko Yamai, ko kuwa makarantar Littafi Mai Tsarki yake. Yana jin harshen, ya san hanyar, ya kuma san abin da mutum yake nufi idan ya ce "to, madalla" ya yi shiru.

Ka fara da shata iyaka

Kafin komai, rubuta a layi biyu abin da kake kira ziyarar ɗan lokaci, domin ƙungiyoyin mishan da kansu ba su daidaita ba. Wasu suna sa duk wanda bai kai shekara 2 ba a wannan rukuni. Idan ka bi su, za ka haɗa likitan da ya yi wata 18 a asibiti da ɗalibin da ya yi mako guda, sakamakonka kuma ya zama ba shi da ma'ana. Mafi dacewa ka raba su uku: ƙasa da mako 2, daga mako 2 zuwa wata 3, sai daga wata 3 zuwa shekara. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Ka kuma raba su ta aikin da suka zo yi: gini, magani, koyarwa, wa'azi.

Kada ka haɗa su da ƴan mishan masu zama. Ƙasar nan, Nijar, ta san waɗannan sosai. Ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da cibiyar kula da masu kuturta ta Danja a 1956. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aikin sassaben zamani, wato barin kututturen itace su sake toho a gona, tare da manoman Maraɗi tun daga 1983, ya kwashe shekara fiye da 15 a nan. Waɗannan sun koyi Hausa, sun ci tuwo, sun je jana'iza. Tsofaffi idan ka ce "ƴan mishan", su za su tuna, su ba ka labarinsu. Don haka a kowace hira sai ka ja zaren: "Baba, ba masu zama nake nufi ba, waɗanda suka zo suka yi kwanaki suka koma." Tarihin masu zaman kuwa Barbara Cooper ta rubuta shi a littafinta na 2006 a kan Kiristocin Maraɗi, kuma ya kamata ka karanta shi tun kafin ka fita.

Wani abu kuma: tun da aka sace Jeffery Woodke, wani ɗan mishan Ba'amurke, a Abalak a watan Oktoba na 2016, wanda bai samu kansa ba sai Maris na 2023, sannan ga sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, yawon Turawa a karkara ya yi wuya. Kada ka gina bincikenka a kan fatan wata ƙungiya za ta zo ka bi ta. Gina shi a kan ziyarce-ziyarcen da aka riga aka yi, ka kuma sa ido a kan baƙin da ake mantawa da su saboda fatarsu irin tamu ce, wato ƙungiyoyin da ke tsallako iyaka daga ikilisiyoyin Najeriya. Su ma ƴan mishan ne na ɗan lokaci, kuma kwatanta su da masu zuwa daga nesa tambaya ce mai kyau ƙwarai ga kundin mastar.

Abin da aka riga aka gano

Irin wannan tafiya ta yaɗu ne bayan da ƙungiyoyi irin su Operation Mobilisation, wadda ta faro a 1957, da YWAM a 1960, suka fara aika matasa, jirgin sama kuma ya yi araha. Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta a littafinsa na 2009 cewa a lokacin Amurkawa masu zuwa coci kimanin miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan tafiya kowace shekara, tsaka-tsakin zamansu kuma kwana 8.

Binciken da ya fi cancanta ka kwaikwayi tsarinsa shi ne na Kurt Ver Beek, wanda ya fito a 2006. Guguwar Mitch ta rushe gidaje a Honduras a 1998. Wasu gidajen baƙi daga Amurka da Kanada suka zo suka gina, wasu kuma ƙungiyoyin Kiristocin ƙasar suka gina da hannun ƴan ƙasa. Ver Beek ya bi iyalan ɓangarorin biyu, bai ga wani bambanci mai ɗorewa a rayuwarsu ba. Bambancin a kuɗi yake: gidan da baƙi suka gina ya ci kusan dalar Amurka 30,000 idan an haɗa da kuɗin tafiyarsu, na ƴan ƙasa kuwa kusan 2,000. Ya kuma tambayi matafiyan ko bayarwarsu ta ƙaru bayan sun koma. Da yawa suka ce ta ƙaru. Sai ya je ya duba littafin kuɗin ƙungiyar da ta aike su, ya tarar ƙarin bai taka kara ya karya ba. Ba ƙarya suka yi masa ba. Abin da suke ji a ransu suka faɗa. Darasin aikin shi ne duk abin da baki ya faɗa, a nemi takarda ko gini ko rijiya da za ta tabbatar.

Ba duka sakamakon ne ya karkata gefe guda ba. Jenny Trinitapoli da Stephen Vaisey, a 2009, sun yi amfani da bayanan da suka bi matasan Amurka na tsawon shekaru, suka ga waɗanda suka yi tafiyar sun ƙara riƙon addini. Robert Priest ya tambayi fastocin Lima a Peru, ya ga da yawansu suna son zuwan baƙin, ba don ƙarfin hannunsu ba sai don zumuncin da ke buɗe ƙofar taimako, da kuma yadda zuwansu ke sa hukuma da jama'a su waiwayi ƙaramar ikilisiya. Brian Howell kuwa, a 2012, ya nuna cewa matafiya sukan tafi da labarin da za su bayar tun kafin su tashi, cewa mutanen can talakawa ne amma suna cikin farin ciki, su kuma dawo da shi yadda suka tafi da shi. A fannin magani, Kevin Sykes ya tace rubuce-rubuce sama da 1,100 a 2014, ya samu 67 kaɗai ne ke ɗauke da bayanan da aka tattara da gaske. Wannan adadi kaɗai ya isa hujjar bincikenka a gaban malamin da ke duba ka.

Tambaya ɗaya, ba biyar ba

"Tasirin ƴan mishan a jihar Maraɗi" ba tambaya ba ce, suna ne kawai. Tambaya ita ce wadda za a iya amsa ta da abin da ido ya gani: cikin rijiyoyin da ƙungiyoyin baƙi suka biya kuɗinsu tsakanin shekara kaza da kaza, nawa ke ba da ruwa yau, kuma me ya raba masu aiki da matattu? Nawa saukar baƙi ke ci wa ikilisiya a kuɗi da kwanakin aiki, kuma wa ke ɗaukar nauyin? Marasa lafiyar da aka ba magani a aikin duba marasa lafiya na kwana 3, ina suka je da maganin ya ƙare? Ɗauki ɗaya.

Izini, da yadda za ka shiga

Ka riƙe takardar jami'arka mai hatimi, ka kai kofi ofishin gwamna ko na shugaban gundumar da za ka yi aiki, da na magajin gari. Idan binciken ya taɓa marasa lafiya ko kundinsu, dole ya bi ta kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, kuma ka shigar da takardun watanni kafin ranar fitarka, domin ba kullum suke zama ba. Daga nan sai shugabannin ikilisiya, daga sama zuwa ƙasa. Fasto a ƙauye ba zai buɗe maka littafi ba sai ya ji daga ofishin ɗariƙarsa, EERN ce, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ko wata. A ƙauye kuma, gaisuwar mai gari ita ce farko, sannan liman, ko da aikinka duka a harabar coci yake.

Addininka zai shiga ɗakin kafin kai. Idan Musulmi ne kai, za a yi zaton ka zo ƙirga waɗanda suka sauya addini. Idan Kirista ne, za a yi zaton rahotonka zai kai kunnen masu ba da kuɗi. Kada ka ɓoye ko ɗaya. Faɗi ko kai wane ne, wa ya aiko ka, wa zai karanta, ka kuma faɗa ƙarara cewa ba ka da hannu a zuwan baƙi ko rashin zuwansu, kuma babu aikin da zai biyo bayan hirar. Mafi kyau ku zama biyu, namiji da mace, in ya yiwu ɗaya Musulmi ɗaya Kirista. Matan da suka yi girki da ɗiban ruwa sun fi kowa sanin nauyin baƙi, kuma ba za su saki jiki da namiji baƙo ba.

Kada ka shiga ƙauye a motar mishan ko ta ikilisiya, ko da kyauta aka ba ka. Hau kabu-kabu. Kada kuma ka ɗauki tafintan baƙin ya zama mai yi maka jagora; shi mutum ne da za ka yi hira da shi, ba wanda zai zauna gefenka yana sauraron amsar wasu ba.

Haɗa rajistar ziyara

Da wuya ka tarar da jerin ƙungiyoyin da suka zo a ajiye wuri guda, sai ka haɗa naka. Nemi littafin baƙi na masauki, littafin taron dattawan ikilisiya, littafin ma'aji, rahoton shekara na asibiti ko makaranta, hotunan da ke wayoyin mutane, da allunan da ake kafawa jikin gini ko rijiya. Ikilisiyoyin da suka aiko baƙin sukan sa labarin tafiyar a shafinsu ko a Facebook, da kwanan wata da hotuna. Adana su, domin nan za ka ga yadda su suka ba da labarin. Kowace ziyara layi ɗaya a Excel: shekara, wata, yawan kwanaki, yawan mutane, ƙasar da suka fito, aikin da suka yi, wa ya gayyace su, wa ya zaɓi aikin, ko sun taɓa zuwa, ko sun sake dawowa. Kada ka amince da ziyara sai majiya biyu sun tabbatar da ita. Mutane kan haɗe ziyara uku su zama ɗaya a ƙwaƙwalwa, don haka ka ɗaure kwanan wata da abin da kowa ya sani: kafin yunwar 2005 ko bayanta, shekarar da aka yi wa wance aure, lokacin fasto wane.

Daga rajistar za ka zaɓi wurare. Kada ka bari shugabanni su zaɓar maka, domin inda aiki ya yi kyau za su kai ka, kuma ba laifinsu ba ne. Rubuta sunayen a ƴan takardu ka yi ƙuri'a, ko ka zaɓa da gangan: biyu da baƙi suka riƙa dawowa, biyu da suka zo sau ɗaya. Ga mai mastar, wuri 4 sun isa, kowane da hira 8: fasto, dattijo ɗaya, mata biyu da suka yi hidima, tafinta, magini ko ma'aikacin lafiya, da maƙwabta biyu waɗanda ba ƴan ikilisiya ba. Hira 32 ke nan. Kowane wuri kuma ka nema masa abokin gwaji, wato ƙauye mai kama da shi inda aka yi irin aikin da hannun ƴan gida, ko kuma ba a yi ba sam. In babu abokin gwaji, ba za ka iya raba abin da baƙi suka kawo da abin da dama zai faru ba.

Hirar kanta

Nan ne aikin ke tsayawa ko ya faɗi. Mutanenmu ba sa kushe baƙo, balle wanda ya zo da alheri daga nesa. Ga kunya, ga kara, ga tsoron kada magana ta koma ta toshe hanyar gobe. Idan ka ce "Baƙin sun amfane ku?", amsar ɗaya ce daga Madarunfa har Dakoro: "Ƙwarai kuwa, Allah ya saka musu." Ka rubuta wannan sau 32, ba ka samo komai ba.

Maimakon neman hukunci, nemi labari, ka bi shi kwana-kwana. "Ranka ya daɗe, yaushe kuka fara jin za su zo? Wa ya kawo labarin? An tambaye ku aikin da kuke so, ko sun zo da nasu?" Ga matan: "Inna, ku nawa kuka yi girkin? Ƙarfe nawa kuke tashi? Itacen wa aka ƙona? Kajin da aka yanka, sayo su aka yi ko daga gidaje aka tara? Wa ya riƙe miki sana'arki a kwanakin?" Ga magini: "Malam, bayan sun tafi, akwai wurin da ka sake? Layi nawa na bulo ka sauke?" Irin waɗannan tambayoyi ba sa sa mutum ya zagi kowa, amma lissafin yana fitowa da kansa.

Abin da ke da nauyin faɗa, ɗora shi a bakin wasu: "A wasu wurare mutane kan ce da an aiko da kuɗin jirgin kawai, da an yi aikin ninki biyar. Wasu kuma kan ce ganin ido ya fi kuɗi. A nan me mutane ke cewa?" Ka ba da ɓangarorin biyu da nauyi ɗaya, kada muryarka ta nuna wanda kake so. Ko kuma ka mai da shi shawara: "Da ƙaninku fasto ne a wani gari, aka ce baƙi za su zo masa, me za ku gargaɗe shi?" Mutumin da ba zai ce an ɓata masa ba, zai ba ƙaninsa shawara mai tsawo, kuma duk daga abin da ya same shi take fitowa.

Tambayi zumunci da abin da ake iya ƙirgawa. Sunan baƙi nawa yake tunawa? Yaushe rabon da wani ya kira ko ya aiko saƙo ta WhatsApp? Da aka yi rasuwa ko ambaliya, sun ji? Ka tambayi kuma abin da zuwan ya haifar tsakanin ƴan gida: wa aka bar wa waya ko kwamfuta, wa aka ɗauki nauyin karatun ɗansa, wa ya ji haushi. Sau da yawa rigimar da ziyara ta bari ba tsakanin baƙo da mai gida take ba, tsakanin wanda ke jin Turanci ne da waɗanda ba sa ji. Maƙwabta kuma ka tambaye su abin da suka gani da abin da aka riƙa faɗa a majalisa, ba ra'ayinsu a kan addinin wani ba.

Yi hira da mutum shi kaɗai, a gidansa ko gonarsa, ba a ofishin fasto ba. Minti 45 ya isa. Idan ka kashe rikoda kada ka yi saurin tashi, domin maganar gaske takan zo a bakin zaure wajen sallama. Sai dai ka nemi izini kafin ka yi amfani da ita. Kuma ka koma karo na biyu wurin aƙalla mutum 10. Zuwa na biyu ba baƙo ba ne kai.

Lissafin kuɗi, da tarkon dala

Kuɗin ziyara kashi uku ne: abin da baƙi suka kashe a kansu, wato jirgi, biza, allura, masauki, mota, abin da ya shiga aikin, kamar siminti, kwano da magani, sai abin da masu masauki suka kashe, kuɗi da kaya da kwanakin aiki. Na ukun ne ba a rubutawa, kuma shi ne gudummawarka. Ƙirga kwanakin da kowane mutum ya bar aikinsa, ka ninka da ladan ɗan ƙwadago na yini a wannan ƙauye a wannan lokaci na shekara, domin yinin damina ba ɗaya yake da na rani ba.

A matsayin misali kawai, a ce mutum 10 ne, kowa ya tara dalar Amurka 2,500. Jimla 25,000, wato sefa miliyan 15 idan an yi canji a kan 600. Sai ka kai hoton ginin da awonsa wurin magina 3 da ba su san juna ba, kowa ya yi maka kiyasin abin da zai ci, ka ɗauki na tsakiya. Yi amfani da canjin shekarar da aka yi tafiyar, ba na yau ba. Yuro ba ya ba da wahala, tun da a ɗaure yake a kan sefa 655.957.

Ka kiyayi kalmar dala. A kasuwar Maraɗi dala sefa 5 ce, jaka kuwa 1,000. Idan uwargidan fasto ta ce ta kashe dala 400 a cefane, jaka 2 take nufi. Mai rubuta hira ko mai fassara da bai lura ba zai mai da shi kuɗin Amurka, lissafin ya kumbura fiye da sau 100. A takardar tambayoyi ka rubuta "dalar Amurka" cikakke, kuma duk adadin da aka faɗa ka maimaita shi da jaka a cikin rikodin: "Wato jaka 2 ke nan, Mama?"

Je ka gani

Kowane irin aiki da lokacin duba shi. Rijiya da famfo a ƙarshen bazara, Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya fi nisa. Buga famfon da hannunka, ka auna minti nawa yake cika jarka mai lita 25, ka tambayi sau nawa ya lalace, wa ya gyara, ina ake samun kayan gyaransa, ko akwai kwamiti da asusu. Famfon da ba a sayar da kayansa a kasuwar Maraɗi, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan. Gini kuwa bayan ya sha damina aƙalla ɗaya: duba yoyo, tsagewar bango, gara a katako, da kuma ko abin da aka gina shi dominsa ake yi a ciki.

A fannin magani, nemi izinin duba rajistar ƙaramar likitar gwamnati (CSI) mafi kusa, wata 3 kafin zuwan baƙi, watan zuwansu, da wata 3 bayansa. Za ka ga ko mutane sun jinkirta zuwa likita suna jiran na kyauta, da ko an turo waɗanda aka gano da ciwo mai daɗewa. Hawan jini da ciwon suga su ne ma'auni mai kyau, domin maganin wata guda ba ya warkar da su. Duba ragowar magungunan da aka bari: ranar lalacewarsu, da ko rubutun jikinsu da harshen da ma'aikacin ke karantawa ne. Idan tiyata ce, tambayar ita ce wa ya duba mara lafiyar bayan mako 2 da bayan wata 6. Likitan da ya zo na mako 2 ya shiga cikin tsarin asibiti mai aiki kullum, irin Galmi ko cibiyar yoyon fitsari da aka buɗe a Danja a 2012, daban yake da wanda ya kafa rumfa a fili ya tafi. Kada ka zuba su a kwando ɗaya.

Rahoton baƙi kan kawo adadin waɗanda suka ɗaga hannu a taron wa'azi. Ɗaga hannu a gaban baƙo yana iya zama ladabi, ko amsa ga abin da tafinta ya faɗa wanda ba lalle shi mai wa'azin ya faɗa ba. Idan tambayarka ta shafi wannan, adadi kawai za ka nema daga littafin ikilisiya: masu zuwa sujada wata 6 kafin ziyarar da wata 6 bayanta. Ba ka bukatar sunan kowa, kada kuma ka karɓa ko an miƙa maka.

Idan matafiyan za ka auna

Ko baƙin ne ta waya, ko matasan ikilisiyoyinmu da ke zuwa wata ƙasa, awo uku ake yi da tambayoyi iri ɗaya: kafin tafiya, mako 2 bayan dawowa, da bayan shekara. Wani mai bincike, Randall Friesen, ya bi matasa sama da 100 ta wannan hanya, ya ga abubuwa da yawa da suka ƙaru bayan dawowa sun sake sauka kafin shekara ta zagayo. Wanda ya tsaya a awo na biyu zumuɗi ya auna. Ka haɗa da abokansu na ikilisiya ɗaya waɗanda ba su je ba, domin masu zuwa dama su ne masu himma tun asali. Kuma ka rubuta mutum nawa suka ɓace maka a awo na uku. Waɗanda abin ya huce musu su ne ba sa amsa waya, sai sakamakon ya fi gaskiya kyau.

Lokaci, rubutu da tsare sirri

Kada ka sa hirarraki daga Yuni zuwa Oktoba, mutane suna gona. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ka kauce wa makon Kirsimati, ranar kasuwa, safiyar Lahadi da azahar ɗin Juma'a. In azumi ya faɗo ciki, hira da maƙwabta sai da hantsi. Takardar tambayoyi ka sa ta a KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta waya da ke aiki ba tare da intanet ba. Ka gwada ta a kan mutum 5 a wurin da ba ya cikin bincikenka, ka gyara duk tambayar da sai ka yi bayani kafin a gane ta.

Rubuta hira yana cin lokaci fiye da yin ta. Hira 32 ta minti 45 awa 24 ce, kowace awa kuma tana cin kusan awa 5 a rubuce: awa 120, wato kwana 30 idan kana yin awa 4 kullum. Rubuta da Hausa yadda aka faɗa, ka yi nazarin a Hausar, sai guntayen da za su shiga kundi kaɗai za ka juya zuwa Faransanci. Kalmomi irin su zumunci, albarka, hidima da alheri ka bar su yadda suke ka yi musu bayani, domin kalmar Faransanci ɗaya ba ta ɗaukar su. Ka lura da "sun yi ƙoƙari": yabo ne a wani bakin, a wani kuma ma'anarsa aikin bai yi ba. Rubuta yadda aka faɗe ta, da dariya ko da shiru.

Ɓoye suna a wannan bincike ba cika ƙa'ida ba ne kawai. An kai wa wuraren Kiristoci hari a Maraɗi a Nuwamba na 2000, an ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai a Janairu na 2015, an kuma ƙona ɗaya a Maraɗi a Yuni na 2019. Kowane mutum ka ba shi lamba, jerin sunayen kuma a littafi daban da ba ya fita daga gida. Sauya sunan ƙauyuka. A ƙaramar ikilisiya "tafinta mai shekara 40" suna ne, kowa ya san shi, don haka ka rage irin wannan bayani. Kada ka aika rikodi ta WhatsApp, ka sa wa wayar da kwamfutar mabuɗi, kada ka ɗauki wurin da gidan wani yake a taswira. Wanda bai iya karatu ba, karanta masa bayanin yarda ka ɗauki amsarsa a rikodi, tun da sa hannu a takarda yana tsorata mutane.

Kafin ka miƙa kundi, koma wuraren 4. Tara waɗanda ka yi hira da su, maza daban mata daban, ka karanta musu abin da ka gano da Hausa a cikin minti 20, ba tare da ka nuna wa ya faɗi me ba, ka tambaye su inda ka yi kuskure. Gyaran da suka yi ka shigar da shi, inda kuka saɓa kuma ka rubuta duka biyun. Sannan ka taƙaita sakamakon a shafi 2, kofi ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Turanci, ka ba fasto da mai gari nasu a hannu, su aika wa baƙin idan sun ga dama.